Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Zazzau

A cikin mutanen da suka yi suna a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, galibi sarakuna da malamai da mayaƙa ake tunawa da su, domin su ne marubuta tarihi da maroƙa suka adana sunayensu. Masu sana'ar hannu kuwa, irin su maƙera da marina da dukawa, ayyukansu sun cika kasuwanni tun daga Kano har Agadas, amma sunayensu sun bi su kabari. Mutum ɗaya daga cikinsu ya kuɓuta daga wannan mantuwa, watau Muhammadu Durugu, wanda waɗansu ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Shi ne maginin da ya gina tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, kuma fasalin da ya bai wa cikin soro, da bakunansa da ginshiƙansa da zanensa, shi ne har yau ake auna kyan ginin gargajiya da shi.

Asalinsa da zamaninsa

Babban Gwani ya tashi ne a lokacin da ƙasar Hausa take sake lale. An fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, kuma a 1808 Malam Musa ya shiga Zariya da tuta, Sarki Makau ya fita ya yi kudu zuwa wajen Zuba. A 1809 aka kafa birnin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, ya kuwa mai da hankali ƙwarai ga kafa garuruwa da ribaɗi. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, ya zaunar da su a kowane gari, ya gina ganuwa da kasuwanni. Sabuwar daula tana bukatar masallatan Juma'a da majalisu da ɗakunan shari'a, saboda haka zamanin ya zama na magina.

A 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdullahi, ya sauka a Sakkwato. A can ya ga ana gina wani masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya kuma zauna da shugaban maginan. Ya bayyana shi a littafin tafiyarsa da cewa ɗan gajeren mutum ne mai wayo, mai yawan dariya, mutumin ƙasar Zazzau. Maginin ya shaida masa cewa mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar, ya koyo wani abu na ginin can, da zai rasu kuma ya bar masa takardunsa. Babu abin da ya roƙi baƙon sai wani ma'aunin katako mai lambobi irin wanda Turawa masu awo suke lissafi da shi, Clapperton kuwa ya aika masa da shi daga baya.

Masu nazarin gine-gine da dama suna ganin wannan magini shi ne Babban Gwani, kafin sunansa ya game ƙasa. Hujjojinsu su ne garin da ya fito, da zamanin, da irin aikin, har da siffar jikinsa, tun da yake durgu a Hausa mai gajerun ƙafafu ake nufi. Labarin da ake bayarwa a Zariya ya zo daidai da wannan, domin ana faɗin cewa daga Sakkwato aka aiko shi Zazzau, da yardar Sarkin Musulmi, aka haɗa shi da mutane masu yawa da za su yi masa aikin kwaɓa da ɗauka.

Masallacin Juma'a na Zariya

Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, ya hau gadon sarauta a 1834 bayan Yamusa, ya yi mulki har 1846. A zamaninsa ne aka gina masallacin, daura da ƙofar fada. Ginin ya ƙunshi babban ɗakin salla, da haraba mai katanga, da ƙananan soraye a ƙofofin shiga inda ake alwala, da kuma ɗakin shari'a. Ba a yi masa doguwar hasumiya ba, kuma daga waje babu wani ado da zai ja ido, sai bango mai kauri da tuluwar rufi a sama. Wannan ya dace da ra'ayin malaman jihadi, waɗanda ba su son alfahari a gini.

Sai mutum ya tuɓe takalmi ya shiga ciki ne zai gane dalilin da aka kira maginin Babban Gwani. Ɗakin sallar yana da tuluwa shida, suna zaune a kan manyan ginshiƙai. Daga jikin kowane ginshiƙi bakuna suke fita, wani ya yi gabas, wani ya yi yamma, su gamu da 'yan'uwansu a sama su sarƙe. A tsakanin bakunan an jera azara a fili, ba a rufe ta da yaɓe ba, an karkata jerin nan an miƙe wancan, har ya zama kamar saƙar tabarma. Haske kaɗan ne yake shigowa ta ƙofofi da 'yan tagogi, shi ya sa inuwa take kwanciya cikin zanen ginshiƙan, zanen ya fito sosai. Wanda ya shigo daga zafin rana sai ya ji sanyi da natsuwa tun kafin ya tayar da kabbara.

Mutanen zamaninsa sun kasa yarda cewa hannun ɗan Adam kaɗai ya yi wannan aiki. Shi ya sa ake ba da labarin cewa da rana almajiransa suke kwaɓa ƙasa su tara tubali da azara, shi kuwa sai dare ya tsala yake fitowa shi kaɗai ya ɗaura bakunan, da safe a tarar aiki ya ci gaba. Waɗansu suka ce aljannu suke taya shi. Magina dai sun san cewa kowane gwani yana ɓoye sirrin sana'arsa, ba ya koya shi sai ga ɗansa ko almajirin da ya amince da shi.

Yadda ake ɗaura baka

Domin a gane girman abin da ya yi, ya kamata a san matsalar da kowane maginin ƙasa yake fama da ita. Ƙasa tana ɗaukar nauyi idan an danna ta, amma ba ta iya ƙetare fili. Abin da ake ƙetarawa da shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya. Azara tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai idan aka ɗora mata rufin ƙasa ba ta ƙetare fiye da kimanin ƙafa shida ba tare da ta lanƙwashe ba. Saboda haka ɗakin talaka ƙarami ne, wanda yake son babban ɗaki kuwa dole ya cika shi da ginshiƙai.

Dabarar baka ita ta warware wannan. Magini yakan dasa azara a cikin bango tun yana ɗagawa, ta leƙo waje kaɗan. Sa'an nan ya ɗaura wata a kanta da igiya, ta ƙara leƙowa tana karkata, ya lulluɓe su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya bari ta bushe. Haka zai yi ta yi daga wannan bango da wancan, gaɓa bayan gaɓa, har hannuwan biyu su gamu a tsakiya. Abin da ya fito shi ake kira bakan gizo. Idan baka biyu suka gicciya a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga ke nan, domin ya yi kama da itatuwan da ake gicciyawa a bakin gugar rijiya. A kan bakunan ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tuluwa yadda ruwan sama zai gangara zuwa indararo.

Babban Gwani ya tarar da wannan dabara a hannun magabata. Abin da ya ƙara mata shi ne ƙarfin hali da lissafi. Ya ninka bakuna, ya sa wani ya tashi daga bayan wani, ya raba nauyin rufi a tsakaninsu yadda fili mai faɗi zai rufu ba tare da ginshiƙai sun tare sahu ba. Ya yi haka ba da siminti ba, ba da ƙarfe ba, kuma duk gaɓar da aka yi kuskure a kanta, damina ɗaya ta isa ta tona asiri.

Adon cikin ɗaki

A wurin Babban Gwani, ado da gini abu guda ne. Bakan da yake riƙe da rufi shi ne kuma abin kallo, azarar da take ɗauke da ƙasa ita ce kuma zanen sama. A jikin ginshiƙai da gefen bakuna ya yi zane mai zurfi tun yaɓen yana ɗanye: dogayen layuka masu bin tsawon ginshiƙi, da masu kusurwa uku, da zagaye, da masu naɗewa kamar dodon koɗi. Babu siffar mutum ko dabba, bisa ga koyarwar addini. Bai kuma cika bango da zane ba, yakan bar fili a sarari domin ido ya huta, ya tara adon a inda nauyin gini yake, watau gindin baka da kan ginshiƙi da bakin ƙofa.

Kayan aikin duk na gida ne. Ana yin bango da tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi tsininsa yana sama, gindin bangon ya fi samansa kauri. Ana yin yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ita ce take sa bango ya yi duhu mai sheƙi ya kuma ƙi ruwa. Rufi da wuraren da ruwa yake duka ana shafe su da laso, haɗin katsi da gashin dabba na majema da ruwan dafara. Katsin nan kuwa daga gindin karofi ake kwaso shi, saboda haka garuruwan rini, irin su Kura a ƙasar Kano, wadda baƙin zanenta ya kai har ƙasar Abzin, sun taimaki magina ba tare da sun taɓa tubali ba. Daɓen ƙasa aikin mata ne, farar ƙasa kuma ita take haskaka bango.

Daga masallaci da fada wannan fasali ya shiga gidajen hakimai da alƙalai da attajirai. Zaure shi ne fuskar mai gida, nan yake karɓar baƙi, saboda haka nan ake kashe kuɗin ɗaurin guga. Daga nan sai shigifa da turaka, kowanne da gwargwadon adonsa. A inda bakuna suka haɗu a tsakiyar rufi akan manna tasa ko faranti mai sheƙi. A jikin bango akan bar gurabe na ajiye fitila da littattafai, a gefe kuma a gina dakali na zama, a shimfiɗa buzu ko darduma. Ɗakin mace kuwa jere ne adonsa: a da ƙore da faifai da tasoshin tagulla, daga baya kwanonin sha da tangaran da fatake suka kawo.

Bauchi da Kafin Madaki

Sunan Babban Gwani bai tsaya a Zazzau ba. Sarakuna sun riƙa aikowa a ba su aron sa, kamar yadda ake neman babban malami. Ana danganta masa ayyuka a fadar Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa. Wanda ya fi shahara a wannan ƙasa shi ne gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki, hedkwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa ta yanzu, wanda ake cewa an gina shi wajen 1860, mutanen garin kuma suna kiran soron da sunan Babban Gwani. A al'adar magina, aikin ɗa ko almajiri ana lissafa shi ga uban gidansa, don haka sunan ya zama na gida da na salo baki ɗaya. A 1956 gwamnati ta sa gidan Kafin Madaki cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, yana daga cikin na farko da aka yi wa haka a Nijeriya.

A Kano ma, wanda ya shiga sorayen Gidan Rumfa ko Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa zai ga irin waɗannan bakuna, ko da yake maginan Kano sun fi son launi, suna bin zanen da ja da baƙi da ruwan azurfa da na zinariya. Abin da ya bambanta aikin Zariya shi ne kamewa, ƙasar ce da inuwa kawai suke yin adon.

Rasuwarsa

Labarin ƙarshensa da ya fi yaɗuwa mai ban tausayi ne. An ce Sarkin Birnin Gwari ya ji labarin masallacin Zariya, ya nemi a gina masa irinsa. Babban Gwani ya je ya yi aikin, da ya gama sai sarkin ya sa aka kashe shi, domin kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Masu karatun Larabci za su tuna da labarin Sinimmar, maginin da ya gina wa Sarki Nu'umanu na Hira fadar Khawarnaƙ, aka sāka masa da jefowa daga samanta saboda irin wannan dalili. Irin wannan labari yana bin manyan magina a ƙasashe da yawa, abin da yake nunawa kuwa shi ne yadda jama'a suka ɗauki gwanintar mutumin, har suna ganin sarki zai iya kishi a kanta. Allah ya ji ƙansa.

Zuriyarsa ta zauna a birnin Zariya, a unguwar da har yau ake kira Babban Gwani, kuma daga gidansa aka riƙa naɗa Sarkin Maginan Zazzau.

Abin da ya bari

A ƙarni na 20 adon gida ya fito daga ciki ya koma waje. Attajiran Zariya da Kano suka riƙa sa a zana musu fuskar zaure gaba ɗaya, da dagi da takobi, har da keke da agogo da jirgin sama, da zankwaye a saman bango. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu zane a 1963. Daga baya siminti da bulo da kwanon rufi suka shigo, aikin maginan ƙasa ya ja baya. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na zamani a wurin, ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar a cikinsa, sauran sassan kuwa ba su tsira yadda suke ba.

Sa'ar da aka yi ita ce, kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Polanda, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla. Da waɗannan zane-zane aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, da hannun maginan ƙasa. Dmochowski ya rasu a 1982, aka buga littattafansa a 1990. Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan maginan Hausa a 1981, J. C. Moughtin kuma ya fitar da littafinsa a kan ginin Hausa a 1985. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙauyen Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da itace, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, abin da ya nuna cewa sana'ar tana da sauran daraja a idon duniya.

Yau ma'aikaci ko ɗan kasuwa da Allah ya hore wa gina gida yakan so falonsa ya yi kama da na manyan mutanen da, sai a kawo masa hotunan ginshiƙan Rum da Girka a zuba masa su da siminti. Manomin Kadawa ko Bunkure da noman rani ya yi wa albarka, tun bayan da ruwan madatsar Tiga ya iso gonakinsu a shekarun 1970, shi ma yakan rushe soron mahaifinsa ya yi na bulo da kwano, sa'an nan watan bazara ya kore shi zuwa gindin bishiya. Babu laifi ga mai neman abin da zai daɗe bai bukaci yaɓe kowace shekara ba, domin wahalar gyara bayan damina ita ce babban aibin ginin ƙasa. Amma wanda yake son ado mai asali yana da nasa na gida. Bango mai kauri, da rufi mai tsawo, da baka a kan ƙofar falo, da zane mai zurfi a wuri ɗaya ko biyu, da gurbin littattafai a jikin bango, duk ana iya yin su a gidan zamani.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen da suka iya. Ɗaurin guga ba a koyonsa daga takarda, sai an tsaya kusa da gwani an ga yadda yake ɗaure azara da yadda yake jiran ƙasa ta bushe. Tsofaffin maginan da suka san wannan suna ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo, giginya ma tana ƙaranci. Ya rage ga sassan koyar da zanen gine-gine na jami'o'i, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello da take Zariya, da hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, da masarautu, su ba waɗannan magina aiki su kuma haɗa su da ɗalibai. Ɗalibin da hanya ta bi da shi Zariya ko Jos ko Kafin Madaki kuwa, ya kamata ya tsaya ya shiga ya ɗaga kai ya dubi rufin.